Fargaba ta hana ka shiga amfi: hanyoyi biyar na ci gaba da karatun jami'a a Maraɗi

Wannan rubutu na ɗalibin da ya ci bak ne, gida aka yi murna, ya shiga jami'a da ƙarfinsa, sai ga shi yau da an ambaci jarrabawa gabansa ya yanke ya faɗi. Barci ya ƙaurace masa, ciki na murɗawa, ga takarda a gaba amma ido kawai ke bin layi, ba abin da ke zama a kai. Wani har yakan hau kabu-kabu zuwa ƙofar jami'a, ya hangi cincirindon ɗalibai suna turereniyar shiga amfi, wato babban ɗakin lacca, ya dafa kafaɗar mai babur ya ce, "Malam, juya, na yi mantuwa." A gida kuwa an ɗauka kullum yana aji.

Idan kai ne, ko ke ce, ko wani naka ne, hanyoyi biyar ke gaba: a zauna inda ake a rage kaya, a dakata na shekara, a canza makaranta ko fanni nan cikin gari, a koma karatu ta intanet, ko a sauya gari. Zan faɗi ra'ayina tun yanzu don kada in ja ka da nisa. Hanyar da ta fi yi maka daɗi a daren da kake cikin firgici ba kasafai take zama mafi alheri ba, domin fargaba kullum shawara guda take bayarwa, wato ka gudu.

Kafin a auna komai, a ga likita

Zullumin da kowane ɗalibi ke yi daren jarrabawa daban yake da ciwon fargaba. Zullumi yana zuwa da dalili, da an miƙa takarda ya tafi. Ciwon kuwa ba ya tafiya, kuma iri-iri ne. Akwai wanda ke mamaye komai, tunani ya tashi daga jarrabawa ya koma kan lafiyar Inna, daga nan ya koma kan aikin yi bayan shekara biyar, a yi wata shida ko fiye ana haka. Akwai mai zuwa farat ɗaya: zuciya na dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, tafin hannu ya jiƙe, mutum ya tabbata ajali ne ya zo, yakan kai ƙarshen tsananinsa cikin kamar minti goma sannan ya lafa. Akwai kuma tsoron idon mutane, wanda ke sa ɗalibi ya gwammace sifiri da ya tsaya gaban aji ya yi ekspoze, wato ya gabatar da aiki da baki. Sanin wanne ke damunka shi ne rabin zaɓin, don hanyar da ta dace da ɗaya tana iya cutar da wani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ke fama da wannan ciwo, kusan 4 cikin kowane 100, mata sun fi yawa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke samun magani. Da wannan lissafi, a amfi mai mutum 300 ba za a rasa goma sha biyu masu irin halinka ba, kowa ya yi shiru yana zaton shi kaɗai ne.

Ganin likita na da dalili biyu. Na farko, akwai abubuwan da ke kwaikwayon fargaba: ƙarancin jini, tiroyid mai aiki fiye da kima, sai kuma abin da muke ɗura wa kanmu lokacin bita, shayi mai kauri har zagaye uku, Nescafé da tsakar dare, goro. Tramol da wasu ke sha wai don su jure karatu ƙara dagula al'amari yake, ga kama jiki. Na biyu, takardar likita ita ce za ta yi maka magana a gaban hukumar jami'a. Fara daga CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko ɗakin shan magani na ɗalibai, ka nemi a tura ka wurin mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibitin jiha ko asibitin referans. Ciwon yana jin magani. Akwai zaman tattaunawa da ake koya wa mutum kama tunaninsa da tunkarar abin da yake gudu sannu-sannu, akwai kuma ƙwayoyi irin su fulokzetin da sartralin, waɗanda sai sun yi mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsu, wani lokaci ma kwanakin farko sukan ƙara tayar da hankali. Don haka kada a yanke babban hukunci a watan farko na magani. Diyazefam, wanda aka fi sani da Valium, yana kwantar da jiki nan take amma yana kama mutum. Ba abin saye wurin mai tebur ba ne.

Addu'a ba ta karo da asibiti. Annabi (SAW) da kansa ya riƙa neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. A yi addu'a, a yi ruƙiyya in ana so, a kuma je wurin likita, kada a shekara ana neman wanda ya yi sammu har rajista ta wuce.

Abu guda ba ya jira: in tunanin kashe kai ya fara zuwa, ko an yi kwanaki ba ci ba barci, a faɗa wa wani babba a gida yau, a tafi asibiti yau. Maganar karatu ta biyo baya.

Ma'aunai

Da abubuwa biyar za mu auna kowace hanya. Kuɗi na farko, kuma ba kuɗin rajista kaɗai ba. A haɗa na kabu-kabu, hotokofi, megas na intanet, haya, abinci, magani, da abin da za a rasa, kamar bursa ko ɗaki a site, wato masaukin ɗalibai. Na biyu ɗorewa: hanyar za ta kai ka ga difloma, kuma diflomar za ta karɓu wurin neman aiki ko shiga mastar? Na uku sauƙi, wato yadda ranar Talata ta yau da kullum za ta kasance, ba ranar da kake jin ƙarfi ba. Na huɗu haɗari, ga karatun da ga lafiyar.

Na biyar shi ne wanda aka fi mantawa, kuma a wurina ya fi sauran nauyi: hanyar tana rage gudu ko tana ƙara shi? Duk ranar da ka kauce wa amfi za ka ji sanyi a ranka nan take, amma ƙwaƙwalwa sai ta riƙe cewa gudun ne ya cece ka, gobe ƙofar ta ƙara yin nauyi. Kamar ɗaukar kaya bashi ne a kasuwa: yau ka huta, ranar biya ka tarar kuɗin ya hau. Masu ilimin wannan ciwo sun daɗe da gane cewa kaucewa ita ke raya shi, tunkara kaɗan-kaɗan kuma ita ke karya shi.

Hanya ta ɗaya: a zauna, a rage kaya

Ɗalibai da yawa ba su san irin rangwamen da tsarin LMD, wato lisans, mastar da doktora, ya ba su ba. Tun 2007 ƙasashen UEMOA, masu kuɗin sefa na Yammacin Afirka, suka amince da shi. Lisans shekara uku ce, zango shida, kowane zango kiredi 30, jimilla 180; kiredi shi ne awon nauyin darasi. Ƙa'idar tsarin ita ce duk rukunin darasin da ka ci, wanda ake kira UE, ya zama naka, ba a ƙwacewa. Ke nan wanda ya kasa ɗaukar kiredi 30 a zango guda bai koma sifiri ba. Yana iya zuba ƙarfinsa kan darussa uku ko huɗu ya cinye su, ya fuskanci sauran a sesiyo ta biyu, wato jarrabawar sake gwadawa.

Sai dai ba a yin wannan a ɓoye. Kowace tsangaya da dokarta kan rashin zuwa jarrabawa, kan kiredi nawa ke ba da damar wucewa da bashi, da sau nawa aka yarda a maimaita aji. Je skolarite, wato ofishin rajistar ɗalibai, ka karɓi dokar a rubuce, kada ka dogara da "an ce" na ƴan aji. A Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 2010, fannonin kimiyya da fasaha, aikin gona da muhalli, kiwon lafiya da IUT, cibiyar fasaha ta jami'ar, duk masu TP ne, aikin labo da na fili, waɗanda ba a karanta su daga ɗaki. In za ka rage wani abu, kada ya zama TP.

Mafi wuya a nan shi ne buɗe baki. Ga yadda za ta iya kasancewa, a ofishin shugaban sashe, bayan sallama: "Malam, ina da lalura, likita na dubana, ga takardarsa. Ba so nake in bar karatu ba. Shawara na zo nema, waɗanne darussa zan riƙe wannan zangon, waɗanne zan bari sai sesiyo ta biyu?" Ba sai ka kwance masa duk cikinka ba. Malamin da ya ga ɗalibi ya zo da takarda tun kafin jarrabawa, kallon da zai yi masa daban ne da na wanda ya ɓace wata uku ya dawo yana roƙo bayan an liƙa sakamako. Ba kowane malami zai fahimta ba, gaskiya ne. In na farko ya yi maka kallon raggo, nemi na biyu, ko ka bi ta hannun delegen aji.

Sannan a shirya tunkarar daki-daki. Makon farko TD kawai, wato darasin atisaye na rukuni-rukuni, inda mutane ba su da yawa. Na biyu a shiga amfi tare da aboki guda, a zauna kusa da ƙofa, a ƙudura cewa ko gaba ya faɗi za a ƙara minti goma kafin a fita. Sau da yawa kafin minti goman su cika abin ya fara sauka. Mai tsoron ekspoze ya fara yi wa mutum biyu a ƙarƙashin bishiya, sannan biyar, kafin ranar aji.

Ta fuskar kuɗi babu wadda ta kai ta sauƙi: rajistar jami'ar gwamnati, ga damar ɗaki da resto na CROU, ofishin kula da walwalar ɗalibai, ga bursar hukumar ANAB ga mai ita. Amma bursa tana tafiya da sakamako, don haka a tambayi abin da maimaita aji zai jawo mata kafin a tsara komai. Diflomar ba ta da tantama. Inda hanyar ke da ciwo shi ne sauƙi, don kullum sai an yi kokawa da kai. Ga kuma abin da duk ɗalibin jami'ar gwamnati ya sani, yajin aiki da shekarun karatu masu hawa kan juna, a sa ranar jarrabawa a ɗaga. Rashin tabbas irin wannan ya fi cin mai fargaba fiye da kowa. Duk da haka, a ma'auni na biyar ita ce kan gaba, kuma ga mafi yawan waɗanda ke iya tashi su yi wanka su fita, ita nake ba da shawara.

Hanya ta biyu: dakatawa na shekara

Akwai lokacin da jiki ya ƙi, kuma tilasta masa zalunci ne. Wanda firgici ke kama shi kusan kullum, ya rame, ko baƙin ciki mai nauyi ya haɗu da fargabar, hutu haƙƙinsa ne, ba abin kunya ba. Amma dakatawa iri biyu ce. Akwai wadda aka rubuta takarda zuwa ga shugaban tsangaya, aka haɗa da ta likita, aka karɓi kofi mai tambari, aka ciro relebe, wato takardar sakamako, na duk abin da aka ci aka adana. Akwai kuma ta sulalewa, a daina zuwa kawai. Ta biyun ba hutu ba ce, barin karatu ne da ba a furta ba, kuma tana iya zama shekarar faɗuwa a takardunka.

A ido kamar kyauta ce, amma tana da tsada a ɓoye: shekara guda ta rayuwa, wataƙila bursa da ɗaki, ga ƴan ajinka sun wuce sun bar ka, ranar dawowa ka shiga cikin baƙin fuskoki. Watan farko akwai daɗi ƙwarai. Daga nan ne haɗarin ke farawa, kuma a Maraɗi yana da kama ta musamman. Garin kasuwa ne. Saurayin da ya zauna gida, kafin wata biyu kawu ya ce ya zo ya riƙa tsare masa shago, ranar Litinin da Juma'a ciniki ya buɗe, kuɗi ya fara shiga aljihu, maganar amfi ta yi nisa. Kasuwanci ba abin raini ba ne, shi ya gina garin nan. Abin da nake ƙi shi ne ciwo ya zaɓa wa mutum sana'a alhali zuciyarsa na wurin karatu. Ke kuma ƴar'uwa, kin san da zarar an gan ki zaune za a fara sallama a ƙofar gida, a ce ai aure ne maganin tunani. In aure kike so, Allah ya sa albarka, amma ki sani ba ya maye gurbin magani, kuma ki sa maganar komawa karatu cikin sharuɗɗa tun kafin a sa rana.

Shi ya sa a gaya wa iyaye da iyaka: "Baba, likita ya ce in huta in sha magani. Ba barin makaranta na yi ba, na ajiye takarda, in Allah ya yarda da an buɗe rajista zan koma." A rubuta watan komawa a manna a bango. A cikin shekarar kuma kada a kulle kai a ɗaki: ganin likita a kan lokaci, sallah cikin jam'i, koyar da yaran unguwa lissafi ko Faransanci da yamma, leƙa jami'a lokaci-lokaci ko don gaisawa. Hutun da babu waɗannan, fargabar yake yi wa kiwo.

Hanya ta uku: canza makaranta ko fanni

Tambaya ɗaya tukuna: karatun ne ke firgita ka, ko wannan karatun? Yaron da aka tura likitanci don a ce gidan ya fitar da dokta, alhali ganin jini na juya masa ciki, canjin fanni na iya sauke masa rabin nauyin. Wanda kuwa tsoron jarrabawa ko idon mutane ke damu, zai tarar da su suna jiransa a sabuwar makarantar.

Maraɗi na da makarantu masu zaman kansu, irin su Jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a 2013, wadda ke koyarwa da Ingilishi, da Université Libre de Maradi, da cibiyoyin koyon aikin lafiya da na gudanarwa. Abin da irin waɗannan suka fi bayarwa shi ne ƙaramin aji, malami ya san sunanka, da kalandar da ba ta cika motsi ba. Ga mai fargaba wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin kuwa ana maganar jika ɗaruruwa ne a shekara, kuma shi kansa nauyi ne: ɗalibin da ya san an sayar da shanu ko fili don a biya masa, kowace jarrabawa sai ta zame masa shari'a. Kafin a biya ko dala, a nemi ganin izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi na fannin da za a shiga, ba na makarantar kaɗai ba, a tambaya ko CAMES, majalisar ƙasashen Afirka mai tantance difloma, ta amince da diflomar, a kuma samu a rubuce kiredi nawa za a karɓa daga tsohuwar makaranta. Wanda bai da Ingilishi ya lissafa wahalar sabon harshe. A cikin jami'ar gwamnati ma akwai mafita mai arha: IUT, inda ajin bai kai na amfi ba kuma karatun ya fi karkata ga aikin hannu, sai dai ana duba halarta sosai kuma guraben ƙidayayyu ne.

Hanya ta huɗu: karatu ta intanet

Wannan ita ce wadda kowane mai fargaba ke mafarki: ba amfi, ba ido, ba kabu-kabu. Akwai jami'ar intanet ta ƙasa, UVN, akwai NOUN ta Nijeriya mai cibiyoyi a Katsina da Kano, da Ingilishi, akwai kuma na ƙasashen waje barkatai, na kirki da na bogi. Duk wadda ta yi alkawarin lisans cikin ƴan watanni, a rabu da ita.

Lissafin kuɗinta yana ruɗi. Ban da rajista, sai kwamfuta, don waya ba ta isa rubuta memwar, wato kundin binciken kammala karatu, sai megas kowane wata a Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms, sai abin riƙe wuta. Lantarkin yankinmu mafi yawansa daga Nijeriya yake zuwa, kowa ya tuna yadda aka yi da aka yanke layin a watan Agustan 2023, kuma a Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, zama gaban kwamfuta a ɗaki ba fanka aiki ne. Wanda ba shi da sola ko batir ya sa kuɗinsu a lissafi. Ga gidanmu na Hausa kuma, wanda ke zaune a ɗaki ba a ɗaukarsa mai aiki. Shi za a aika cefane, ita za a miƙa wa goyo.

Sannan karatun nesa ba ya ɗauke jarrabawa. A wurare da yawa sai an je cibiya an zauna da mutane, ga sutnans, wato kare memwar a gaban malamai, a ƙarshe. Fannonin labo da asibiti kuwa ba sa yiwuwa ta nan. Babban abin da ke damuna da ita shi ne ma'auni na biyar. Ga mai tsoron idon mutane, ko wanda firgici ya fara hana shi fita, wannan hanya gudun ne aka sa masa rigar karatu. Shekara uku a ɗaki, a fito da difloma, a kasa shiga ofis neman aiki. Ga kaɗaici, ga jinkirta aiki, wanda dama abokin fargaba ne, babu aboki a gefe da zai ce "tashi mu je". Ba ina cewa ba ta da amfani ba ne. Ga mai aiki, ga mai jego, ga wanda ke Dakoro ko Mayahi ba shi da mai riƙe shi a birni, ƙofa ce ta gaske. In an zaɓe ta, a riƙa yin karatun a wajen gida, a samu abokan bita ko biyu ne da ake haɗuwa ido da ido kowane mako.

Hanya ta biyar: sauya gari

Yamai na da nisan kilomita kusan 660, yini guda a bas. Can Jami'ar Abdu Mumuni take da fannoni masu yawa, kuma likitocin ƙwaƙwalwa sun fi samuwa a can. Damagaram kusan 240. Katsina ba ta kai 100 ba, amma sai an lissafa canjin naira da sefa, da daidaita takardu, da abin da ya faru lokacin da iyaka ta kasance a rufe daga tsakiyar 2023 zuwa Maris 2024. Wannan hanya ita ce mafi tsada in an haɗa haya da abinci, kuma barin dangi a tsakiyar ciwo ba dabara ba ce, sai in gidan ne tushen tashin hankalin. Juyin wannan hanya ya fi yawan amfani: ɗan Maraɗin da ke wahala shi kaɗai a Yamai ya nemi a maido shi gida, in akwai fanninsa a nan.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari | Gudu |
|---|---|---|---|---|---|
| Zama da rage kaya | Mafi arha | Mai ƙarfi | Da wuya da farko | Gajiya, taɓa bursa | Tana rage shi |
| Dakatawa | Arha a ido, shekara ta tafi | Sai da takarda da ranar komawa | Sauƙi da farko | Rashin komawa | Tana ƙara shi in ba magani |
| Canza makaranta | Tsada, ban da IUT | Ya danganta da izini | Matsakaici | Diflomar da ba ta karɓu ba | Tsaka-tsaki |
| Intanet | Matsakaici, da ɓoyayyen kashe-kashe | Sai mai horon kai | Sauƙi a jiki | Kaɗaici, watsarwa | Ta fi kowacce ƙara shi |
| Sauya gari | Mafi tsada | Mai kyau | Da wuya | Rashin dangi | Ya danganta da dalili |

Wa ya dace da wacce

In kana barci ko yaya, kana ci, kana iya fita, fargabar ta fi tashi lokacin jarrabawa ko ekspoze, zauna inda kake, ga likita, rage kaya. Wanda ke shekarar ƙarshe, memwar kawai ta rage, shi ma nan ya dace. Ya nemi malamin da ke duba aikinsa su yanka shi ƙanana, shafi biyar-biyar.

In jiki ya faɗi, ko likita da kansa ya ce a huta, dakata, da takarda mai tambari da watan komawa. Wanda ke tsakiyar zango kuma ya riga ya yi rabin jarrabawoyi, ya tambaya ko zai iya ƙarasa waɗanda ya shirya kafin ya tafi, don kiredin su zauna masa.

In fannin ne ba naka ba, canza, amma fara duba cikin jami'ar gwamnati kafin a taɓa dukiyar gida. Makaranta mai zaman kanta ta dace da wanda cunkoso da rashin tabbas na kalanda suka fi damu, kuma gidansu na iya biya ba tare da bashi ba.

In aiki, goyo ko nisa ne suka haɗu da fargabar, intanet ta dace, da sharaɗin fita da abokan bita. In kuwa dalilinka kaɗai shi ne kada ka ga mutane, kada ka zaɓe ta tukuna. Ka ba magani wata uku, ka gwada TD da zaman bakin ƙofa, sannan ka sake duba teburin nan tare da likitanka.

Mai karatu a wani gari da kaɗaici ya yi masa yawa, ya fara neman likita a can, ya kuma aika a tambayo masa skolarite a Maraɗi ko akwai gurbi a fanninsa da kiredi nawa za su karɓa. Kada ya saki ɗakinsa da rajistarsa ta can sai amsar ta zo a rubuce.